Me za mu kira "leya" da Hausa?

Mai shago a Kano: Jama'a, masu koyon aiki suna ta "leya, leya", kwastoma kuma ba ta gane abin da za a yi wa gashinta ba sai an gama. Nufin shi ne a datsa gashi tsawo daban-daban, na sama ya fi na ƙasa gajarta. Akwai kuma ƙanwarta, wadda ake gajarta na gaba kawai ya bi gefen fuska. A ba mu suna.

Mai ɗinka wig: Anti, aski mai matakala?

Mai koyar da gyaran gashi: Ƙanwata, aski na wanzami ne. Ki ce wa mace za ki yi mata aski ki ga ko za ta zauna. Mu datsi muke yi. Matakala kuwa a ajiye ta, sunan kuskuren ke nan: idan aka kama gashi da kauri aka yanke a miƙe, kowane sashe zai tsaya da bakinsa, ana ƙirga su ɗaya, biyu, uku. Aiki mai kyau ba a ganin inda wani ya ƙare wani ya fara. Ana ɗibar siriri, a ɗaga shi ya miƙe daga fatar kai, wato digiri 90, a sa bakin almakashi a tsaye ana tsinka. Mai son tsawonta ya tsira, a ɗaga mata har sama, digiri 180. Ni na zaɓi datsin hawa-hawa.

Mai shago a Kano: Hawa-hawa ya zauna, Hajiya, ko yaro ya san bene. Saura na fuska.

Mai kitso a Zinder: Iyayenmu suna da bijaji, wanda ke saukowa ta gefen fuska.

Mai koyar da gyaran gashi: Kalma ce mai daɗi, Yaya, amma kitso take nufi, za a zo shago ana jiran a kama kai. A ce datsin gefen fuska, sannan a faɗi inda zai fara, don can rigimar take. Zagayayyar fuska, a fara ƙasa da haɓa. In ya tsaya a kumatu ƙara mata faɗi zai yi. Doguwar fuska ita ke son a fara daga ƙashin kumatu. Mai faɗin muƙamuƙi kada bakin gashin ya sauka daidai kansa, a wuce shi. Abin da ake warewa daga tsaga ne zuwa gaban kunne, ba ƙari.

Mai ɗinka wig: Ga wig, a ɗora shi a kan mai shi kafin a taɓa gaban, don goshin mutum-mutumi ba nata ba ne. A bar inci 1 fiye da abin da ake so, wig ba ya tsiro. Mara cika kuma, hawa da yawa sai ya bar jelar kamar ta ɓera.

Mai kitso a Zinder: Gashinmu da ba a sa wa man miƙarwa ba fa ya kan tsuke. Wanda aka ja ya kai haɓa, in ya sha ruwa yana iya komawa kunne. A datsa shi a bushe, a yadda za a riƙa barinsa, kuma ban da reza, tana tsattsaga baki.

Mai shago a Kano: To, datsin hawa-hawa da datsin gefen fuska. Gobe zan sa a rubuta su a allon farashi.