Bindigar Lee-Enfield No. 4 tana harbi sama da tsakiya

Gwani_303: Assalamu alaikum. A yadi 100 harsashi na sauka sama da tsakiyar takarda, kuma yana warwatsewa. Ina matsalar take?

MaiSaiti: Wa alaikumus salam. Babban ramin saitin baya, wanda ake leƙawa ta ciki, na yadi 300 ne, dole harsashin ya hau a yadi 100. Ɗaga tsanin saitin mai lambobi, ka sauke ƙaramin raminsa zuwa yadi 200. In bai isa ba, sa ƙarfen saitin gaba mafi tsayi.

Dattijo: Warwatsewar kuwa, Malam, duba sukurun da ke gaban magazin (gidan harsashi), sakinsa kan sa ƙarfen bindigar ya yi wasa cikin katakonta. Kunamar mataki biyu ce: ja har ta cije, saki rabin numfashi, sannan matsa a hankali. Fizga ce ke ɓata harbi.

MaiSaiti: Kumatu ma ɗora shi wuri ɗaya a kan gindin bindigar kullum.