Ina ake zaman masu son daina giya? Don Allah a ɓoye sunana

Ɓoyayye: Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne, iyalina suna Kaduna. Abin ya samo asali ne lokacin da nake jigilar kaya zuwa Fatakwal. Maigidana na wancan lokacin ya riƙe min kuɗin tafiya wata da watanni, ga mahaifiyata a kwance, ga ƙanina ya ci bashi da sunana masu kuɗi suna ta sallama a ƙofar gida, ni kuma ina kwana a gareji jiran lodi, tunani ya hana ni barci. Wani yaron mota ne ya miƙo min 'yar leda, wai tana sa barci. Daga leda aka koma kwalba. Yanzu in gari ya waye ban sha ba, kofin shayi sai da hannu biyu nake riƙe shi. Na ji an ce akwai zaman da masu irin matsalata suke yi a tsakaninsu. A ina ake yi? Ana biya? Ana rubuta suna?

Baban Khalifa: Wa'alaikumus salam. Bawan Allah, wane zama kake nema bayan sahun masallaci? Ka yi tuba na gaskiya, ka fasa kwalbar yau ɗin nan, ka riƙe asuba a jam'i, ka rabu da yaron motar. Shi ke nan. Na ga mutane da yawa sun daina a haka.

Sista: Baban Khalifa, tuba wajibi ne, amma a yi hattara da "yau ɗin nan". Wanda hannunsa ke rawa da safe jikinsa ya riga ya saba. In ya yanke lokaci ɗaya yana iya yin jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko a kwana na 2 zuwa na 4 ya ruɗe ya fara gane-gane, kuma wannan yana kisa. Malam, fara da likita. Kana Kaduna, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, suna duba masu shaye-shaye. A janye ka a hankali da magani, zama ya biyo baya. Nawa kake sha a rana?

Ɓoyayye: Sista na gode, amma in aka gan ni a Barnawa ai an gama da ni, za a ce na haukace. Ni zaman kawai nake tambaya.

Baƙo a Ingila: Ɗan'uwa, ina zuwa irin zaman. Sunan ƙungiyar AA, wato Alcoholics Anonymous, ta mashaya giya masu taimakon juna su daina, a 1935 mutum biyu suka fara ta a garin Akron na Amurka, likita da dillalin hannun jari, duk mashaya. Sharaɗin shiga ɗaya ne, kana son dainawa. Ba kuɗin rajista, kwando ake zagawa da shi, mai hali ya jefa. Sunan farko kawai ake faɗa, in ka ga dama ka zauna shiru har a tashi. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa ina latsa waya kamar mai jiran wani, sai wani tsoho ya leƙo ya ce shayi na ciki. Tun 2020 akwai zama da yawa a Zoom, ka kashe kyamara ba mai ganinka. Sai dai yawanci da Turanci ne.

Baban Khalifa: Ba a coci ake yin abin nan ba? Ka faɗa masa gaskiya mana.

Baƙo a Ingila: Ɗaki suke haya, Alhaji, wani a coci, wani a zauren unguwa. Ba a ce ka bar addininka, ni a wurin nake fita in yi magariba. In zuciyarsa ba ta kwanta ba akwai Millati Islami, Musulmi ne suka kafa ta a Baltimore a 1989, su ma suna zama ta intanet.

Maman Ilham: Ni dai kome za ka yi kada ka bari dangi su kai ka gidan mari. Yayana aka kai, muka sayar da fili, ya fito da tabon sarƙa a ƙafa, ko wata bai rufa ba ya koma. Har yau kawunmu bai ce a yi haƙuri ba, matarsa ma cewa take mu muka lalata shi da shagwaɓa. Matarka ta sani?

Ɓoyayye: Ba ta sani ba, kuma ba zan faɗa mata ba, tana da hawan jini. A hanya kawai nake sha. Turancina na gareji ne, ga data, ga dare ina kan titi. Babu wanda ake yi da Hausa?

Sista: Ka ce a hanya kake sha, kuma kai ne a sitiyari? Malam, wannan ya wuce maganar sirrinka.

Ɓoyayye: Sai na faka nake sha. Ban taɓa buge ko akuya ba.

Baban Khalifa: Kun gani? Ana ta kewaye-kewaye. Na faɗa masa magani tun farko.

Baƙo a Ingila: In akwai mutum biyu ko uku a nan masu irin wannan, ai mu ma za mu iya haɗuwa a waya da Hausa. Wa zai shiga?

Ɓoyayye: Lambata za ta fito?