Shin ana dogaro da ƙuri'ar jin ra'ayi da jam'iyya ta ɗauki nauyinta?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Duk lokacin da zaɓen gwamna ya ƙarato, 'yan uwanmu na Kano kan turo mana sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi ta WhatsApp, kowane ɓangare yana tutiya da wadda ta ba ɗan takararsa rinjaye. Mu nan Gana shugaban ƙasa ne ke naɗa ministan yanki, ba ma zaɓen gwamna. Idan takara ta yi kankankan, me za a iya riƙewa daga waɗannan alƙaluma?

Malamin Lissafi, Asawase: Wa alaikumus salam. Malam, a irin wannan takara ko binciken da aka yi tsakani da Allah ba zai raba gardama ba. Idan an tambayi mutum 1,000, sakamakon yana iya kaucewa da kusan kashi 3 cikin ɗari, sama ko ƙasa. A zaɓen Kano na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, Ganduje ya kayar da Abba Kabir Yusuf da ƙuri'a ƙasa da 9,000 cikin fiye da miliyan biyu, ratar da ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Ita kuwa jam'iyya ba sai ta ƙirƙiri ƙarya ba: takan sa a yi bincike sau da yawa, ta bayyana wanda ya yi mata daɗi, ta danne sauran, domin magoya baya su ƙara ƙaimi, masu kuɗi kuma su buɗe bakin aljihu.

Hajiya Mai Goro: Malam ya yi gaskiya, amma a ƙara da tambayar su wa aka tambaya. Binciken da aka yi ta waya bai cika kaiwa ga matan ƙauye da ke cikin gida ba, alhali su ne ke cika layi ranar zaɓe.

Ɗan Sabon Zango: Yaya, ai mun ga irinsa a zaɓen shugaban ƙasar Gana na 2024. Binciken Farfesa Smart Sarpong na nan Kumasi ya nuna Bawumia na jam'iyyar NPP a gaba, na kamfanin Global InfoAnalytics ya nuna Mahama na jam'iyyar NDC, kowace jam'iyya ta rungumi nata. Mahama ya samu fiye da kashi 56, wato har wanda ya faɗi daidai bai hango girman ratar ba. Ɗan Aboabo, idan 'yan uwan na Kano sun sake turo maka, ka tambaye su wa ya biya kuɗin aikin, mutum nawa aka tambaya, a waɗanne ƙananan hukumomi, kuma yaushe.