Haɗa Bunaji da Firisiyan: riba ce ko sayen wahala?

Na-Kura:
Assalamu alaikum. Ina da 'yan shanu Bunaji a bayan gida, nan wajen Kura. Da damina babbar cikinsu takan ba ni kamar lita 2 bayan maraƙi ya sha, da rani kuwa sai dai a ce an tatsa. Maƙwabcina ya sayo wata 'yar haɗi, baƙa da fari, tozonta ɗan alama kawai, da idona na ga ta kusa cika bokitin fenti da safe. Tun ranar raina ya biya. Likitan dabbobi ya ce zai iya ɗura wa karsanata maniyyin Firisiyan, irin shanun nono na Turai, idan ta nemi bijimi. Amma kawuna, wanda ya fi ni sanin saniya nesa ba kusa ba, cewa ya yi waɗannan shanun asibiti ne. Don Allah wanda ya gwada ya gaya mini: nonon yana biyan abincinta? Kuma yaya jikin 'ya'yan yake fitowa?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kai da Kawu duk kuna da gaskiya. Wannan haɗi ba sabon abu ba ne, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firisiyan, kuma abin da aka sha gani shi ne 'yar fari, wadda jininta rabi da rabi ne, ita ce mai albarka. Tana ninka uwarta nono, tana daɗewa ana tatsarta kafin ta ƙafe, tana kuma saurin haihuwar fari. Bunajin ruga sai ta shekara 4 ko fiye ba ta haihu ba, 'yar haɗi idan ta ƙoshi wajen shekara 3 ta ajiye maraƙi. Daga uwa kuma ta gaji ɗan jure zafi da kaska.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne kwaɗayi. Sun ga rabi ya yi kyau, sai su sake ɗura wa 'yar haɗin maniyyin Firisiyan, jika ta fito da kashi 75 na jinin Turai. A Vom ko Mambila, inda akwai sanyi, tana iya yi. A Kura, cikin watan Afrilu? Za ka same ta tsaye a inuwa tana haki, baki buɗe, ta ƙi cin abinci, nono ya zube. Ga kirci da damina, ga zazzaɓin kaska. Bunaji za ta yi fama da waɗannan ta miƙe, waccan kwana kaɗan sai wuƙa. Idan kuma ka haɗa ɗan haɗi da 'yar haɗi, 'ya'yan warwatsewa suke yi, wata ta biyo kaka Bunaji, wata ta biyo Bature, ba ka san abin da za ka samu ba. Mutanen Brazil sai da suka shafe shekaru suna zaɓe kafin su tsayar da irinsu na Girolando, haɗin Holstein (wato Firisiyan) da Gir, saniya mai tozo ta Indiya.

Abu ɗaya da nake roƙonka: kada ka fara da karsana. Maraƙin Firisiyan ya fi na Bunaji girma, karsana kuma ƙugunta bai buɗe ba. Ka ba babbar da ta riga ta haihu. Kuma ka sa ido, ranar da ka ga tana tsayawa wasu na hawanta, majina na zuba ta baya, ka kira likita a ranar. Idan ka gani da safe, a ɗura da yamma. Aka wuce lokaci sai ka jira wasu kwana 21.

Maman Kindirmo:
Baba Na-Kura, ni ta wajen ƙwarya zan yi magana. Nonon 'yar Firisiyan yawa gare shi amma ya fi tsinkewa. Idan na kaɗa shi, man da nake samu bai kai na Bunaji ba, masu fura kuma suna ganewa. In kindirmo ko man shanu kake nufi, tambayi likitan ko yana da maniyyin Jasi, wani irin shanun nono na Turai. Jikinta ƙarami ne, cinta bai kai ba, nononta akwai maiƙo, maraƙinta ma ba ya wahalar da uwa.

Sai maganar ci. Tawa harawa da dusa da angurya take ci safe da yamma, ruwa kuwa ba ta san ƙoshi ba. Mako guda na rage angurya saboda tsada, a kwano na gani. Hantsarta kuma babba ce, tana reto, in wurin kwananta da laka sai ka ga gefe ɗaya ya kumbura nono na fita da gudaji. A wanke hannu da hantsa kafin tatsa, a share turke kullum.

Ɗan Filinge:
Malam, dole ne sai jinin Turai? Mu a Nijar saniyar Azawak muke ji da ita, tashar kiwo ta Tukunus tun da daɗewa zaɓenta take yi don nono, kuma saniyar rana ce, ba ta neman fanka. Ku ma ga Bokolo ta Sakkwato kusa da ku. Sannan ba wanda ya yi zancen namiji. Rabin abin da za a haifa maza ne. Ɗan haɗi yana saurin girma, mahauta na sonsa, amma tozonsa ƙarami ne, karkiya ba ta zama da kyau, kuma ba ya jure huɗa idan rana ta take. Mai neman sa na layya ma sau da yawa tozo da ƙaho yake fara kallo.

Na-Kura:
Allah ya saka muku da alheri. Karsana na janye ta. Zan gwada da babbar ita kaɗai, sauran su zauna Bunajinsu, don da 'ya'yansu nake huɗa. Maman Kindirmo, buhun angurya kwana nawa yake yi wa taki? Ina so in yi lissafi kafin in kira likita.