Tsofaffin mujallun magoya bayan ƙwallo na Ingila: yaya ake adana su, ko sayarwa ya fi?

Gunner_TunHighbury:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tsohuwar takarda. Wani dattijo bature da muke aiki tare a nan Ingila zai koma ƙaramin gida, shi ne ya ce in zo in ɗauki wani kwali tunda kullum hirar ƙwallo ce ke haɗa mu. Ashe ƙananan mujallu ne irin waɗanda magoya baya ke bugawa da kansu su tsaya bakin fili ranar wasa suna sayarwa, fanzin. Yawancinsu na wajen 1987 zuwa tsakiyar shekarun 1990 ne, akwai The Gooner ta Arsenal, akwai When Saturday Comes da yawa, sai wasu na ƙananan kulob da ko sunansu ban taɓa ji ba. Wasu da tafireta aka buga su aka yi fotokwafi, har kana ganin inuwar inda aka yanko hoto da almakashi aka manna da gam, kuɗinsu a bango rabin fam.

Matsalar a saman silin ya ajiye su shekara da shekaru, takardar ta yi ja, fil ɗin tsakiya ya yi tsatsa ya ɓata shafi, kaɗan daga ciki kuma suna warin funfuna. Shin in kai a yi musu lamineshin ne ko me? Kuma tsakani da Allah suna da wani amfani ko tarkace ne kawai na kwaso wa kaina? Uwargida dai ta riga ta ce ba a ɗakinta ba.

Baba_MaiTarihi:

Wa alaikumussalam. Yaro ai ba tarkace ka kwaso ba, kar ma ka sake faɗa. Ka duba shekarun da ka lissafa, ka san halin da mai zuwa kallon ƙwallo yake ciki a Ingila lokacin? A watan Mayun 1985 kaɗai gobara ta ci mutum 56 a filin Bradford, ba a rufa wata ba aka yi bala'in filin Heysel a Beljiyam mutum 39 suka mutu a wasan Liverpool da Juventus, aka kori kulob ɗin Ingila daga gasannin Turai shekara biyar, to daga nan duk wanda ya ce shi ɗan kallon ƙwallo ne kallon ɗan daba ake masa, jarida ta zage shi, ɗan sanda ya kora shi kamar dabba, kulob ya karɓi kuɗinsa ya zuba shi bayan shingen waya, gwamnatin Margaret Thatcher kuma ta taso da maganar sai kowa ya yi katin shaida kafin ya shiga fili. Mujallar da kulob ke bugawa ranar wasa ba abin da ke ciki sai gaisuwar koci da talla. To ina talaka zai yi magana? Babu intanet, babu Facebook. Shi ne suka ɗauki tafireta.

Ba a lokacin aka fara ba, tun 1972 wasu ɗalibai a Cambridge suka fito da Foul, ta yi zuwa 1976 ta mutu. Magoya bayan York suna da Terrace Talk tun 1981, na Bradford suka fara The City Gent a 1984. Amma 1986 ce shekarar da abin ya ɓarke, Mike Ticher ya fara When Saturday Comes a Landan, Adrian Goldberg ya fara Off the Ball a Birmingham, a Scotland aka samu The Absolute Game. Kuma dabarar da When Saturday Comes ta yi ita ce ta riƙa jera sunayen sauran da adireshinsu, kana zaune a garinku ka sa kuɗi a ambulan ka aika a turo maka ta wani kulob, kafin ka ce me kusan kowane kulob ya samu tasa, wasu biyu wasu uku suna ta zagin juna. Andy Mitten yana da shekara 15 ya fara United We Stand ta Manchester United a 1989, ɗan makaranta fa.

In kana son ka gane nauyin abin da ke hannunka ka nemi fitowar When Saturday Comes ta bayan bala'in filin Hillsborough, inda cunkoso ya kashe magoya bayan Liverpool a Afrilun 1989. Jaridar The Sun ta ɗora laifi a kan magoya bayan Liverpool, ita kuwa wannan ta sa hoton shugaban 'yan sanda da na babban jami'in hukumar ƙwallo da na Thatcher a bango kowa yana cewa ba laifinsa ba ne, ga magoya baya a ƙasa suna cewa to shi ke nan mu ne kuma. Sai 2016 masu binciken kotu suka tabbatar magoya baya ba su da laifi, shekara 27 kenan. Mutum 97 ne suka rasu sanadin ranar. Waɗanda suka tsaya a wajen sun rubuta abin da suka gani tun da zafinsa, a irin takardun da kake cewa suna wari.

Sai kuma Charlton, wannan labarin ina son sa. An raba su da filinsu The Valley a 1985 aka kai su zaman haya filin Crystal Palace, mujallarsu Voice of the Valley ta riƙa hura wuta, da ƙaramar hukumar Greenwich ta hana izinin gyaran filin sai magoya baya suka kafa jam'iyya sukutum, Valley Party, suka tsaya zaɓen kansiloli a 1990 suka samu ƙuri'a kusan 15,000. Ba su ci kujera ko ɗaya ba amma hukuma ta sauko, Disambar 1992 suka koma gida.

Anti_Laburare:

Baba ya gama da tarihi, bari in shigo ta ɓangaren aikina. Ƙanina don Allah KAR ka yi lamineshin. Zafi da gam ne ake narkawa a jikin takardar, ba ya ɓantaruwa, kuma duk wani gidan adana takardu da ya ga an yi haka ba zai so karɓa ba. Haka salatif, yau zai yi kyau, nan da 'yan shekaru ya bushe ya faɗi ya bar maka tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Robar ɗaure kuɗi ma cire ta, narkewa take ta manne.

Abu na farko ware masu warin funfuna daban tun yau kar su shafa wa sauran. Ka baza su a wuri mai iska ba cikin rana ba, sai sun bushe ƙarau sannan ka sa takunkumi ka share da burushi mai laushi a waje, kar ka goga da jiƙaƙƙen tsumma. In funfunar ta yi gashi-gashi ta ci shafi sosai wannan aikin ƙwararru ne.

Jan da ka ga takardar ta yi, arha ce aka yi amfani da ita, akwai sinadarin itace a ciki da ke zama asid a hankali, zafi da haske kuma suna ƙara masa gudu. Ba ka iya mayar da ita fara, iyaka ka rage masa gudu. Saman silin shi ne mafi munin wuri domin bazara ya gasa su hunturu ya jiƙa su, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ma haka saboda laima. Ka nemi cikin kabad a ɗakin da mutane ke zama, nesa da hita da bangon waje, wajen digiri 18 zuwa 20, danshi kuma 40 zuwa 50 cikin ɗari, in ya haura 65 funfuna za ta dawo. Akwai kwali na musamman marar asid da ake sayarwa don wannan, ka kwantar da su a ciki kar ka cika tsiri da yawa.

Wani abu da mutane ba su sani ba, irin ledar nan mai sheƙi mai wari ta PVC da ake saka takardun ofis, ita da fotokwafi ba sa shiri. Tawadar fotokwafi hoda ce aka narka a saman takarda, ledar tana tausasa ta, wata rana ka zo zarewa ka ga rubutun ya koma jikin ledar takarda ta zama fayau. Na sha ganin haka. In za ka sa a leda nemi ta poliyesta ko polifirofilin.

Jan_Shaidan99:

Hhhh ku dai kun cika son wahala wlh. Ɗan Arsenal da adana tarihi, to dama me ya rage muku in ba shi ba. Malam ka ɗauki hotonsu da waya ka zuba a eBay kawai, fitowa ta farko ta manyan kulob akwai masu nema, sauran kuwa da ƙyar ka samu fam ɗaya ko biyu a kowace. Takarda ce fa, in ka yi sikanin ai labarin na nan, mene na sayen kwali na musamman kamar wanda ya gaji zinare. Ni abin da na sani mujallunmu Red Issue da United We Stand sun taya mu faɗa lokacin da BSkyB, kamfanin talabijin na attajiri Murdoch, ta so saye Manchester United a 1998 aka hana a 1999, wannan na yarda, amma yanzu duk abin ya koma YouTube da fodkas, Red Issue ma ta rufe tun 2015.

Baba_MaiTarihi:

Ɗan nan ai kai ka ba da amsa da bakinka. In kuɗin bai taka kara ya karya ba me zai sa a wargaza su ɗaya-ɗaya? Amfanin kwalin yana cikin haɗuwarsa, mutum ɗaya ne ya tara a tsawon shekaru, kana bi kana ganin yadda kuɗin tikiti ke hawa, yadda ake gardama kan rahoton alƙali Taylor na 1990 kan Hillsborough da ya ce a cire tsayuwa a sa kujeru, yadda suka karɓi Firimiya a 1992. Kuma na ƙananan kulob ɗin nan da ba mai saye su suka fi wuyar samu, wata 'yan ɗaruruwa aka buga ta fito sau uku ta mutu. Doka a Birtaniya ta ce duk abin da aka buga a aika kwafi ɗaya British Library, babban laburaren ƙasar, to yaron da ke fotokwafi a ɓoye a ofis ɗin babansa ina ruwansa da wannan doka? Da yawa ba su taɓa isa can ba. Batun intanet kuwa, dandalin magoya baya nawa aka yi a farkon shekarun 2000 da yanzu ko shafi ɗaya ba za ka samu ba, ita takardar ga ta nan da tsatsarta.

Ummu_Hanan:

Ni gyara ɗaya zan yi, kar a mai da su waliyyai. Na karanta irinsu da dama lokacin da nake karatu, akwai masu hankali da ban dariya, akwai kuma cike da cin mutuncin mata da zagin garin abokan hamayya da zane-zanen da yau ba mai iya bugawa. Kusan duk maza ne farare suka rubuta, a lokacin da ake jifan baƙaƙen 'yan wasa da ayaba. Gaskiya wasu sun tsaya, a Leeds magoya baya sun fito da Marching Altogether don su kori masu wariyar launin fata da ke raba takardunsu a bakin filinsu Elland Road, a Jamus ma magoya bayan St. Pauli sun yi Millerntor Roar a 1989 kan irin wannan. Amma in ka tashi adanawa kar ka tsince masu kyau ka zubar da munanan, mai bincike yana buƙatar ya ga duka biyun, in ba haka ba ƙarya za a bar wa na baya.

Gunner_TunHighbury:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jan_Shaidan zan dawo kanka ranar Lahadi. Anti saura biyu, fil ɗin da ya yi tsatsa in cire ko in bari? Sannan in na yi sikanin zan iya zubawa a intanet kowa ya gani?

Anti_Laburare:

Wanda bai yi tsatsa ba ka bar shi. Wanda ya yi, ka buɗe tsakiyar mujallar ka sa wani abu siriri marar kaifi ka ɗaga ƙafafun fil ɗin su miƙe sannan ka zaro ta baya a hankali, kar ka yi da abin cire fil na ofis, yaga takarda yake. Sai ka naɗe ta cikin farar takarda marar asid don shafukan kar su rabu.

Sikanin ka yi aƙalla 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto kenan), masu zane 600, mai launi ko da baƙi da fari ce, har bangon baya da tallace-tallace. Ka ajiye na asali a TIFF, tsarin hoton da ba ya rage inganci, ka yi PDF don karatu, kwafi uku a wuri daban-daban. Kar ka danne ƙashin bayanta da murfin injin, in ta ƙi kwanciya ɗauka da kyamara daga sama. Kuma kafin komai ka buɗe tebur a kwamfuta ka rubuta suna, kulob, lamba, wata da shekara, kuɗi, da halin da take ciki. Da yawa ba su sa kwanan wata ba, sai dai ka gano daga wasan da suke magana a kai, a nan dattijon zai yi maka amfani sosai, ka zauna da shi ka kunna rikoda ya faɗa maka inda ya saya da wa ke sayarwa tun yana iya tunawa. Kar ka rubuta komai a jikinsu da biro, in dole ne fensir.

Zubawa a intanet kuwa a yi hattara, haƙƙin mallaka a Birtaniya yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma When Saturday Comes har yanzu tana fitowa tana sayar da tsofaffin fitowarta ga masu rajista, wannan kar ka taɓa. Ƙananan da suka mutu ka nemi editocin, da yawa suna raye suna Facebook ko X, galibi murna suke in an tambaye su. Ka rufe adireshin gida da lambar waya da ke ciki kafin ka saka. In kuma uwargida ta ci gaba da ƙorafi, tura jerin naka ga National Football Museum da ke Manchester ko British Library ko laburaren garin da kulob ɗin yake, ka tambaye su wanne ne ba su da shi. Ka fara da jerin, kar ka kwashi kwali ka kai musu kai tsaye.