Wane injin ruwa ya dace da gidan da ruwan famfonsa ba shi da ƙarfi?

Abu Hafsat, Mabera

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani kafin in kashe kuɗi. Gidana ƙasa ne, ba bene ba, yana da banɗaki uku da ɗakin girki. Muna da rijiyar burtsatse, sumo yana tura ruwa zuwa tanki mai cin lita 2,000 da ke bisa ƙarfe mai tsayin kimanin mita 4. Ruwan yana zuwa, amma ba shi da ƙarfi: shawa ɗiga kawai take yi, kuma idan aka buɗe famfon girki, wanda ke wanka sai ya jira. Wani mai shago ya ce in ɗauki injin ƙara wa ruwa ƙarfi mai doki ɗaya (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), wani kuma ya ce rabin doki ya isa. Wanne ya dace, kuma wane kamfani ne kayansa ke jure zafin Sakkwato da wutar da ba ta cika zuwa da ƙarfi ba?

Injiniya, Gawon Nama

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Kafin a zo maganar doki, yana da kyau ka san dalilin da ya sa ruwanka ba shi da ƙarfi. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayi yake fitowa, ba daga girman tankin ba, kuma kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kimanin ba 1, wato ma'aunin da ake auna matsin ruwa da shi. Gindin tankinka yana mita 4, kan shawa kuwa yana kusan mita 2 daga ƙasa, saboda haka tazarar da ke tura ruwan ba ta wuce mita 2 zuwa 3 ba, wato ba 0.2 zuwa 0.3 ke nan, alhali shawa ba ta yin daɗi sai matsin ya kai ba 1.5 zuwa 2. Ko da ka sayo tanki mai lita 5,000 ka ɗora a wurin, ruwan zai ƙara daɗewa ne kawai, ƙarfinsa ba zai canza sosai ba.

Abin da za ka duba a jikin inji shi ne farantin da aka rubuta bayanansa, inda za ka ga harafin H da harafin Q. H yana nuna tsayin da injin zai iya tura ruwa a mita, Q kuma yawan litar da yake bayarwa a minti ɗaya. Inda mutane da yawa suke ruɗewa shi ne manyan lambobin biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda. Misali, Pedrollo PKm 60, wanda rabin doki ne, wato wat 370, an rubuta masa mita 40 da lita 40 a minti, amma yana kaiwa mita 40 ne lokacin da ruwan da ke fita ya yi kaɗan ƙwarai, idan kuma ya saki lita 40 matsin ya kusa ƙarewa. Shawa ɗaya tana cin lita 8 zuwa 12 a minti, don haka idan mutum biyu suna wanka kuma famfon girki yana buɗe, kana bukatar kusan lita 25 zuwa 30 a matsin mita 20 zuwa 25. A nan ƙaramin inji irin wancan zai gaza kaɗan, amma idan famfo ɗaya ko biyu kuke buɗewa tare, ya wadatar. Ga gida mai banɗaki uku ni na fi karkata ga nau'in injin da ake kira jet, mai doki 0.75, domin yana ba da ruwa da yawa kuma bai kai ƙananan nan saurin lalacewa da yashi ba, ga shi ruwan burtsatse ba ya rasa ɗan yashi.

Kada ka sayi injin shi kaɗai. Dole a haɗa shi da na'urar otomatik da ke kunna shi idan an buɗe famfo, ta kashe shi idan an rufe, kuma ka tabbata irin wadda ke tsayar da shi ce idan tanki ya ƙare, domin injin da ya yi ta juyawa babu ruwa robar da ke tare ruwa a cikinsa ƙonewa take yi. A sa matata tsakanin tanki da inji, a sa bawul mai hana ruwa komawa baya, sannan bututun da ke shiga injin kada ya gaza inci ɗaya.

Maman Aisha, Runjin Sambo

Injiniya, Allah ya saka da alheri, amma ina da ja a wuri ɗaya. Duk wannan lissafi ya dogara ne da samun wuta, kuma mu da muke yini a gida mun san cewa lokacin da aka fi bukatar ruwa, wato da asuba da kuma tsakar rana a watannin Afrilu da Mayu, sau da yawa babu ita. Shawarata ga Malam ita ce ya sa mai gyaran famfo ya yi wa injin hanyar kewaye da makunni, ta yadda idan babu wuta ruwa zai bi ta gefe ya shiga gida kamar da. Mu ma da aka haɗa mana ba tare da ita ba, ruwan da ke ratsawa ta cikin injin a kashe ya fi na da rauni. Haka kuma ya fara duba kan shawar da matatun bakin famfo, domin yashi da farin gishirin ruwa suna toshe ramukansu, kuma wankewa kawai tana iya dawo da wani ɓangare na ƙarfin.

Injiniya, Gawon Nama

Gaskiyarki, Hajiya, hanyar kewaye wajibi ce kuma ba ta da tsada. Game da wuta, injinan nan an yi su ne don bolt 220 zuwa 240, kuma idan wutar ta yi ƙasa sosai injin yana gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi har kwayil ya ƙone, shi ya sa stabilaiza ko na'urar da ke yanke wuta idan ta sauka take da muhimmanci. Mai sola kuma ya tuna cewa inji yana jan ninki uku ko fiye na wutarsa a daidai lokacin tashi, don haka ƙaramar inbata ba za ta ɗauki doki ɗaya ba. Wannan ma dalili ne na ƙin sayen wanda ya fi bukata girma.

Baba Mai Famfo, Tudun Wada

Ɗana Abu Hafsat, ka tambayi kamfani, babu wanda ya amsa maka sosai. Pedrollo da DAB na Italiya ne, Grundfos na Denmark, Wilo na Jamus, duk suna da suna amma da tsada. Leo da Shimge na ƙasar Sin sun fi sauƙin kuɗi kuma suna aiki. Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne kada a sayar maka da jabu, domin sunan da ya shahara shi ake kwaikwaya. Ka sayi wurin dila mai ba da rasit da garanti, ka tambaya ko kwayil ɗin jan ƙarfe ne, ka kuma tambaya ko ana samun kafasita da robar cikinsa a nan gari, don su ne suka fi lalacewa. Ka gina masa rumfa mai shan iska, kada ka kulle shi cikin akwatin ƙarfe a rana, domin yawancinsu an ƙayyade musu zafin wuri kusan digiri 40 ne, zafinmu kuwa yana wuce haka da bazara. Ranar da aka kunna shi ka zagaya gidan ka duba mahaɗan bututu da tankunan masai: tsohon gam yana sakewa idan matsi ya ƙaru, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya sa injin ya riƙa tashi yana mutuwa dare da rana.

Abu Hafsat, Mabera

Na gode ƙwarai, Baba, Injiniya da Hajiya. Na duba na ga bututun da ya sauko daga tankin rabin inci ne, don haka zan fara canza shi zuwa inci ɗaya in wanke kawunan shawa, sannan in nemi jet mai doki 0.75 da otomatik. Injiniya, ina da inbata mai 2.5kVA, shin za ta ɗauke shi tare da firiji?