Neman shawara: kalmomin lokaci da tsawon rai a tsohon harshen Indo-Turai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗalibar nazarin harsuna ce ni. An ba ni aikin gabatar da takarda kan kalmomin lokaci da tsawon rai a harshen da ya haifi Sanskirit, Girkanci, Latin da Farisanci. Abin da ya ɗaure mini kai, ba wanda ya taɓa ganin harshen nan a rubuce, kowace kalma da tauraro a gabanta. Yaya zan tsaya gaban malamai in kare ta? Kuma ta ina zan faro?

Wani malami: Wa alaikumus salam. 'Yata, tauraron alama ce cewa masana ne suka sake gina kalmar daga kwatanta 'ya'yanta. Kada ki ɗebo da yawa. Ki riƙe *h₂eyu-, wato ƙarfin rai da tsawon kwana. Sanskirit na da āyus, wadda ke cikin sunan Ayurveda, ilimin maganin gargajiya na Indiya, Girkanci aiōn, Latin aevum, da ta haifi aetas, shekarun mutum, da aeternus, madawwami. Ki jera su a allo, kowa zai gani da idonsa yadda ma'anar ta tashi daga ran mutum ɗaya ta kai ga har abada. In aka tambaye ki wannan h₂, ki ce masanin harshe Saussure ya yi hasashen irin waɗannan sautuka da suka ɓace a 1879, sai a 1927 wani masanin, Kuryłowicz, ya nuna su a rubutun Hittiyawa, tsohuwar al'umma mai harshen Indo-Turai. Hujjarki ke nan.

Wata 'yar'uwa: Ni dai *wet- ta fi burge ni, wato shekara. Girkanci etos ne, amma a Latin ta zama vetus, tsoho, da kuma vitulus, ɗan maraƙi, kamar vatsa ta Sanskirit. Maraƙin ɗan shekara guda ne, shi ya sa. Makiyaya ne masu wannan tsohon harshen, har a bakinsu ana jin hakan. Don Allah kada ki bar ta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na ga *meh₁ns na nufin watan sama da watan lissafi, kamar dai a Hausa. In sa wannan?

Malamin: Ki sa, amma ki faɗa ƙarara cewa kamanni ne kawai na mutanen da ke ƙidaya da wata. Hausa 'yar reshen harsunan Cadi ce, daga zuriyar Afro-Asiya, ba ta haɗa jini da harsunan Indo-Turai ba. Wannan ce tambayar farko da za a jefo miki, ki shirya mata.